Lissafi ya ce kashi 6, tarihin haihuwarta ya ce da sauran magana: nazarin lamarin wata mata mai shekara 52

Matar shekararta 52, kuma gaskiya ba maganar zuciya ce ta kawo ta asibiti ba, gwiwa ce. Ta ce gwiwar dama ta daɗe tana damunta, in za ta miƙe daga zaune sai ta dafa wani abu, maganin da ta saba sha kuma ya daina yi mata aiki, shi ne ta zo a canza mata mai ƙarfi. Nas ta gwada jininta kaman yadda ake wa kowa kafin shiga wajen likita, aka ga 154/94. Ita dai ko a jikinta. Ta ce ai kullum haka ake faɗa mata in ta zo, gajiyar hanya ce da zaman layi, da ta koma gida ta kwanta zai sauka. Ba ta shan taba, ba a taɓa ce mata tana da suga ba, ba ta taɓa jin ciwon ƙirji ba, kuma a tunaninta ciwon zuciya na maza ne masu tumbi, ko na wadda aka ƙunsa wa baƙin ciki.

Na ɗauko lamarinta ne saboda ba wani abun ban mamaki a ciki, irinta su suka fi yawa, kuma irinta ne ake sallama da maganin gwiwa a ce Allah ya sawwaƙe, bayan shekara takwas ko goma a kawo su ranga-ranga ɓarin jiki ya shanye. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya, kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa kusan kashi 35 cikin 100 na mace-macen mata duk shekara daga nan suke, sun fi kansar nono nesa ba kusa ba, amma tambayi mata goma me suka fi tsoro ka ji amsar.

Abu na farko da aka yi shi ne a tabbatar jinin nan da gaske ya hau ko kuwa tsoron asibiti ne kaman yadda ta ce. Aka bari ta zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, sannan aka canza robar da ake naɗawa a hannu aka sa babba, domin damtsenta yana da kauri kuma ƙaramar roba a babban hannu ƙara lamba take, wannan kuskuren ana yawan yi wa mata masu jiki. Aka samu 148/92. Aka ce ta samu na'urar gwaji ta gida ta riƙa gwadawa safe da dare na sati ɗaya tana rubutawa a takarda. Da ta dawo da takardar, matsakaicin ya tsaya wajen 146/90, kuma a gida indai ya kai 135/85 hawan jini ne, ba sauran maganar gajiyar hanya. Shi dai hawan jini ba ya sallama, yawancin masu shi ba ciwon kai ba jiri, shi ya sa cewa "ni lafiyata ƙalau" ba hujja ba ce.

Sai maganin gwiwar. Da aka ce ta nuna abun da take sha ta zazzage jaka, diklofenak ne, wani lokacin ta haɗa da ibufurofen, kusan kullum, ya fi shekara biyu, ba likitan da ya rubuta mata. Irin waɗannan magungunan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, suna cin ciki, kuma shi diklofenak musamman an daɗe da sanin yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ita da ta zo neman wanda ya fi shi ƙarfi, sai ga shi ana ce mata ta ajiye shi gaba ɗaya, ran nan dai ba ta fita da fara'a ba.

Aka tura ta gwajin jini da fitsari. Kolesterol, wato kitsen jini, gaba ɗaya 6.2, mai cutarwar da ake kira LDL 4.2, mai amfanin wato HDL 1.1, wanda ga mace ya yi ƙasa tunda ana son ya kai 1.3 ko ya wuce, ɗayan kitsen jinin kuma, tiragilisarayid, 2.0. Gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata uku ya ba da 6.1, ba ta kai ciwon suga ba tunda daga 6.5 ake cewa ya kama, amma tana bakin ƙofa, daga 5.7 zuwa 6.4 share fage ne. Ƙoda lafiya, ba ƙarancin jini, maƙoƙo ma aikinsa daidai. Aka auna ƙugunta da tef aka samu santimita 98, kuma ga mace da ya wuce 88 kitsen ciki ya yi yawa, ni ina ganin wannan awon ya fi hawa sikeli faɗin gaskiya.

To yanzu sai lissafi. Likitoci suna da hanyar ƙiyasta yiwuwar mutum ya samu toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara 10 masu zuwa. Asalin abun daga wani gari ne a Amurka, Framingham, inda aka fara bin mutum 5,209 tun 1948 ana rubuta jininsu da kitsensu da tabar da suke sha ana ganin wa ya kamu wa ya tsira. Daga baya aka yi ta fitar da sababbin ma'aunai, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar da nasu a 2013 suka kuma kawo sabo mai suna PREVENT a 2023, Ingila na da QRISK, Turai na da SCORE2 tun 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jadawalinta na yankuna a 2019. Aka zuba lambobin matar nan a ma'aunin 2013, shekara, jinsi, kolesterol, HDL, hawan jini, taba, suga, ya fitar da wajen kashi 6. A wannan ma'aunin ƙasa da 5 haɗari kaɗan ne, 5 zuwa 7.5 kan iyaka, 7.5 zuwa 20 matsakaici, 20 zuwa sama kuwa mai yawa. Kenan tana kan iyaka, irin wadda likita mai sauri zai ce ta rage gishiri ta riƙa tattaki su haɗu baɗi.

Matsalar ita ce lissafin nan shekaru ne suka fi nauyi a cikinsa, kuma mata a kan jinkirta kafin su kamu, binciken INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52 aka wallafa a 2004 ya nuna kusan shekara 9 ne tsakanin lokacin da maza ke samun toshewar farko da lokacin da mata ke samu. Saboda haka mace mai shekara 50 da ɗoriya sai ta tara matsala uku huɗu amma lissafin shekara 10 ya nuna ta a ƙasa, alhali matar da ke da shekara 52 ba shekara 10 kaɗai take fatan yi nan gaba ba, 30 take fata. Na biyu kuma, wanda shi ne dalilin rubutun nan, babu gurbi ko ɗaya a wancan ma'aunin da ke tambayar mace yadda ta yi goyon ciki.

Likitar ta ajiye biro ta ce, Hajiya haihuwarki nawa, kuma ya kika yi fama da cikin? Ta ce huɗu, duk suna raye. Na ukun ne aka ce mata suga ya hau lokacin awo, aka hana ta wasu abubuwa, da ta haihu aka ce ya sauka shikenan ba ta sake gwadawa ba. Na huɗun kuwa, tana shekara 34, nan ta ga tashin hankali, ƙafafu suka kumbura har takalmi ba ya shiga, fuska ta cika, zobe ya maƙale a yatsa sai da aka yanka shi, kai kaman zai tsage, tana ganin walƙiya-walƙiya a ido, aka kwantar da ita aka ce jini ya hau sosai ga furotin a fitsari, aka yi mata wata allura da ta ce ta ji duk jikinta ya ɗau zafi, ƙarshe aka yi aiki aka ciro yaron a sati 33, bakwaini, ya yi kwanaki a kwalba. Bayan wata biyu jinin ya sauka aka ce ta daina magani. Tun daga ranar ba wanda ya sake yi mata maganar, ita ma ba ta taɓa faɗa wa wani likita ba don ba wanda ya tambaya. Har ta ɗan yi dariya ta ce, likita, cikin da na haife shekara 18 da suka wuce, yaron har ya gama sakandare, me ya haɗa shi da gwiwata?

Da gwiwa kam babu, da zuciya akwai. Abun da ta kwatanta firi'ekilamsiya ce, hawan jinin masu ciki da ke taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga, abun da ake cewa taune-taune, yana samun kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu ciki. Ciki kaman jarrabawa ce ta farko da zuciya da jijiyoyin mace ke zama, yawan jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50, zuciya na ƙara aiki, jijiyoyi dole su saki su buɗe, wadda jijiyoyinta ke da rauni a ɓoye a nan yake bayyana, in ta haihu nauyin ya sauka sai abun ya lafa, amma raunin yana nan. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa aka wallafa a mujallar BMJ a 2007 ya nuna matan da suka yi firi'ekilamsiya haɗarin su kamu da hawan jini daga baya ya kusa ninki huɗu, na ciwon jijiyoyin zuciya ya ninka biyu, na shanyewar ɓarin jiki ma ya kusa biyu, kuma abun ya fi muni ga wadda ya kama da wuri har aka ciro ɗan kafin lokaci, irin tata kenan. Har yanzu masana na muhawara ko ciwon ne ke lalata jijiyoyin ko kuwa dama can a raunane suke cikin ne ya tona, amma ga matar da ke zaune gaban likita duk ɗaya ne, alamar ta riga ta fito. Shi kuma sugan ciki, wadda ta yi shi haɗarin ta kamu da ciwon suga na dindindin ya kai ninki bakwai ko fiye, shi ya sa ake cewa a gwada ta sati 4 zuwa 12 bayan haihuwa sannan a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku. Ita ba a yi mata ko ɗaya ba. Kuma in suga ya kama mace ya fi yi mata ɓarna a zuciya fiye da namiji, ƙarin haɗarin da yake jawo wa mace ya ɗara na namiji da wajen kashi 40.

Tun 2011 ƙungiyar zuciya ta Amurka ta sa matsalolin ciki a jerin abubuwan da za a tambayi mace in ana duba haɗarinta, jagorar kolesterol da likitocin Amurka suka fitar a 2018 kuma ta ambaci firi'ekilamsiya da ɗaukewar al'ada kafin shekara 40 cikin abubuwan da ke ƙara nauyin lissafi. A takarda an gama magana. A ɗakin likita kuwa, likitan mata ya sallame ta bayan arba'in, likitan zuciya ba zai gan ta ba sai ta faɗi, tsakanin nan shekara ashirin ba mai ita. Ni a ganina wannan giɓin ya fi rashin na'ura illa, don tambayar ba ta cin minti biyu.

Aka ci gaba da tono. Al'adarta ta ɗauke tana 44, ba ta shiga sahun ƙasa da 40 ba amma dai da wuri ne, tunda yawanci wajen 51 ake yi, kuma ɗaukewa kafin 45 ma an ga tana tafe da ƙarin haɗari. Lokacin da sinadarin mata da ake kira istirojin ya ja baya LDL kan hau, kitse ya koma taruwa a ciki, jijiyoyi su fara tauri. Mahaifiyarta ɓarin jiki ya shanye mata tana 61 ta rasu bayan shekara biyu, kuma in uwa ko 'yar'uwa ta kamu kafin 65, ko uba ko ɗan'uwa kafin 55, ana lissafa shi a gado. Ba ta shan taba amma maigidan yana sha, a cikin gida kuma, shekara da shekaru, hayaƙin wani kaɗai yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30. An tambaye ta ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin da kanta, waɗanda suka fi kama mata kuma suna ƙara haɗari, ba ta da su, gwiwar zaizayewa ce kawai. LDL ɗinta 4.2 shi kansa ya haura layin 4.1 da jagorar ta ja. Ƙugu, HDL, tiragilisarayid, jini, suga, duka biyar ɗin da ake haɗawa a ce jiki ya rikice wajen sarrafa suga da kitse, ita ta cika su, alhali uku ma sun isa. Kashi 6 ɗin nan dai ya tashi daga ƙaramin abu.

Sai da aka zo nan ta ce, ai kuwa kwanan nan in ta hau bene tana haki, ga kasala, amma ta ɗauka girma ne da ƙiba, wani lokacin kuma tana jin ƙwannafi ta sha maganin olsa. Wannan maganar ba a wuce ta da sauri ba. Mata ma ciwon ƙirji ne alamar da suka fi zuwa da ita in jijiyar zuciya ta toshe, kar a ruɗe da masu cewa mata ba sa jin ciwon ƙirji, sai dai sau da yawa ba sa kiransa ciwo, za ta ce nauyi, ko an danne ta, ko zafi kaman olsa, kuma sun fi maza haɗawa da haki, tashin zuciya, zufa mai sanyi, ciwon muƙamuƙi, wuya, baya tsakanin kafaɗu, ko gajiya mara dalili. Da wannan ake sallamar su a ce damuwa ce ko olsa. Akwai ma matan da za a ɗauki hoton manyan jijiyoyin zuciyarsu a gan su a buɗe amma ƙananan ne ba sa aiki daidai, wannan ya fi yawa a mata kuma ciwo ne na gaske ba raki ba. Aka yi mata ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, ya fito lafiya, aka yi hoton zuciya na eko ya nuna tana bugawa da ƙarfinta amma bangon ɓangaren hagu ya ɗan yi kauri, shaidar cewa jinin nan ya daɗe a sama zuciya na turawa da ƙyar, ba jiya ya fara ba. Ƙwannafin kuwa ba ya zuwa da tafiya ko hawa bene, bayan cin abinci yake zuwa, kuma ya lafa da ta bar diklofenak. An yi mata maganar hoton CT da ke auna allin da ya taru a jijiyoyin zuciya, wanda ke taimakawa in an rasa ta cewa, sifili yana nufin za a iya jinkirta maganin kolesterol, 100 zuwa sama a fara, amma a nata hujjojin sun riga sun yi yawa, ko me hoton ya nuna da wuya ya canza shawara, sai aka bar shi.

Shawarar da aka yanke da ita, ba a kanta ba, ga yadda ta kasance. Jini tukuna, don shi ne babba. Rage lambar sama ta awon jini da 5 kacal yana rage haɗarin manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi da wajen kashi 10, ita kuwa ana son a sauko da ita ƙasa da 130/80. Aka fara da maganin hawan jini amlodifin, miligiram 5. Kafin a rubuta wani abu an tabbatar al'ada ta ɗauke da gaske, domin wasu magungunan jini irin su lisinofiril da losatan suna illa ga ɗan tayi, mace mai yiwuwar ɗaukar ciki dole a yi wannan maganar da ita. Sai kolesterol, aka ba ta atobastatin miligiram 20, ɗaya daga magungunan rage kolesterol da ake kira istatin. Nan ta yi turjiya, ta ce ta ji ana cewa in ka fara ba ka dainawa, kuma yana kashe jiki. Aka nuna mata lissafin yadda yake, duk rage LDL da 1 yana rage haɗari da wajen kashi 22, kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwajen istatin a 2015 ya nuna amfanin a mata daidai yake da na maza. Aka kuma faɗa mata gaskiya cewa istatin yana ɗan tura suga sama, ga mai 6.1 wannan ba abun ɓoyewa ba ne, amma ribar ta fi, za a riƙa bin sugan.

Ita da kanta ta kawo maganar asfirin, wai ƙawarta na shan ƙaramin kullum don tsinka jini. Aka ce a'a. An gwada shi a mata kusan 40,000 a Amurka aka wallafa a 2005, ya ɗan rage shanyewar ɓarin jiki amma bai rage toshewar jijiyar zuciya ba in aka haɗa matan duka, ya kuma ƙara zubar jini a ciki, gwaje-gwaje uku da suka fito a 2018 suka ƙara sanyaya gwiwar masu ba da shi barkatai. Ga wadda ta riga ta samu toshewa ko shanyewar jiki magana daban ce, ga wadda ba ta samu ba kuma ta yi shekara biyu tana cin cikinta da diklofenak, ba a ba ta shi. Haka maganin maye gurbin istirojin. Shekaru aka yi ana ba mata shi da tunanin yana kare zuciya, sai babban gwajin lafiyar mata na Amurka da ake kira WHI, wanda Bernadine Healy ta assasa a 1991 lokacin da ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Amurka, aka dakatar da wani ɓangarensa a 2002 da aka ga masu shan haɗin istirojin da furojestin sun fi samun gudan jini da shanyewar jiki da kansar nono. Yana da amfaninsa ga mai fama da zafin jiki da zufar dare, musamman wadda ba ta daɗe da ɗaukewa ba, amma ba a rubuta shi don kare zuciya. Abun lura ma, sai a 1993 doka ta tilasta sa mata a binciken da gwamnatin Amurka ke biya, kafin nan magunguna da yawa a jikin maza aka gwada su aka ce kowa ya sha.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne wanda ba a rubutawa a takardar magani. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana inji Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan har da wanda ke ɓoye a kayan ɗanɗano da abincin gwangwani da na leda, a rage zaƙi da soye-soye, a ƙara ganye da 'ya'yan itace da hatsin da ba a cashe ba. Motsa jiki minti 150 a sati. Ta ce da wace gwiwar? Tambaya ce mai kyau, kuma da an ce mata kawai ki riƙa tattaki da an yi aikin banza. Aka haɗa ta da masu gashin ƙashi suka koya mata motsin da ke ƙarfafa cinya, aka koma farasitamol da na shafawa, ta fara da minti goma a fili mara tudu sau biyu a rana. Ba a ce ta koma siririya ba, kashi 7 cikin 100 na nauyinta aka sa mata, wajen kilo 6 daga 88, saboda gwajin rigakafin suga da aka wallafa a 2002 ya nuna masu share fagen suga da suka nufi wannan adadin da motsa jiki sun rage kamuwa da kashi 58, su kuma masu shan maganin suga metfomin kashi 31.

Bin sawun bai tafi sumul ba. Sati shida jinin ya sauko 138/86, aka ƙara amlodifin zuwa 10, sai ƙafa ta kumbura, abun da ya fi samun mata da wannan maganin, ita kuwa kumburin ƙafa tsohon tsoro yake tuna mata, ta ajiye maganin ba ta faɗa wa kowa ba har sati uku, ta dawo da 150/92. Ba a yi mata faɗa ba, aka mayar da shi 5 aka haɗa da losatan 50, aka duba ƙoda da sinadarin fotasiyam na jini bayan sati biyu, kumburin ya tafi. Ta kuma kawo ƙarar ciwon cinya ta ce istatin ne. Yana iya yiwuwa, amma wani gwaji da aka yi a Landan a 2020 ya nuna kusan kashi 90 na ciwon da mutane ke ji da istatin suna jin sa ko da ƙwayar da ba komai a cikinta aka ba su, ga shi kuma lokacin ta fara motsin cinya. Aka tsayar da istatin ɗin sati biyu ciwon bai tafi ba, ta yarda ta koma.

A wata na shida matsakaicin jininta a gida 128/80, LDL ya sauko 2.6, HbA1c 5.9, kilo 3 da rabi suka tafi, ƙugu 94, tana hawa bene ba ta tsayawa a tsakiya. Nauyin bai kai inda aka so ba, maigida ya koma shan tabarsa a waje amma bai bari ba, an ba shi takardar ganin likita har yanzu bai zo ba. An rubuta mata alamomin da in ta ji ba jira ba shan maganin olsa, nauyi ko matsewa a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, haki na farat ɗaya, karkacewar baki, mutuwar hannu, harɗewar magana. An kuma ce ta faɗa wa babbar 'yarta da ke shirin ɗaukar ciki ta sanar da masu awo tun zuwan farko cewa mahaifiyarta ta yi firi'ekilamsiya, domin yana bin jini, kuma a can ne ƙaramin asfirin ke da aiki, in likita ya ga haɗarin ya kai yakan fara ba mai ciki daga sati 12. Ita kuma za ta dawo bayan wata uku a duba jini da ƙoda, suga da kolesterol kuma a maimaita su in shekara ta zagayo.